Sunan Aro a Gonar Rake

Eulalio Mairena bai taɓa yin wata sana'a a duniya ba in ba saran rake ba. Ubansa ma shi ya yi har ya kwanta dama. A El Jicarito, ƙauyenmu da ke gindin dutsen San Cristóbal, ba a tambayar yaro abin da yake so ya zama, kafaɗarsa kawai ake duba a ga ko ta isa ɗaukar adda. Ta Eulalio ta yi saurin isa. Tun gemu bai tsiro masa ba yake bin motar ma'aikata, da jarkar ruwa a hannu ɗaya, da ƙunshin shinkafa da wake da wainar masara a ɗayan.

Gajere ne kakkaura, ga surutu kamar rediyo, aikin kuwa ya iya shi. Kafin a shiga gona sai an banka mata wuta ganyen ya cinye, saboda haka masu sara kan tarar da ƙasa tana huci, toka na tashi, ga rana ta sama. Kafin hantsi kowa ya koma baƙi ƙirin, sai idanu da haƙora. Ba da yini ake biya ba, da nauyin abin da mutum ya sara ne, don haka wanda ya tsaya ya kafa kai a jarka, na kusa da shi ya ba shi rata. Eulalio kan bugi ƙirji ya ce shi sai ya kai ƙarshen layi yake shan ruwa. Wannan banzan alfaharin ya kai rabin mazan garinmu kabari, kuma har gobe in ka yi wa matasa maganar sai su dube ka su yi dariya.

Amma ba da sara aka fi saninsa ba. Yana saurayi wani ɗan ƙungiyar ƙwadago ya zo daga Chinandega, ya hau kan buhunan taki ya karanta musu dokar ƙwadago ta Nicaragua. Karatun Eulalio bai wuce haɗa baƙi ba, sai dai kunnensa ya kwashe abin tsaf. Tun daga ranar ba a ƙara samun sakat a motar ma'aikata ba. Doka ta ce awa takwas. Doka ta ce ruwa da inuwa haƙƙin ma'aikaci ne. Doka ta ce wanda aiki ya nakasa ba a jefar da shi. Da abin ya ishi mutane suka laƙaba masa Lauya.

"Lauya, me doka ta ce a kan mutumin da matarsa ta ƙwace masa kuɗin giya?"

"Ta ce ya gode wa Allah, ya samu mai hankalin da shi ya rasa."

Ana dariya yana dariya, amma a ransa da gaske yake. Ya yi imani da dokar nan kamar yadda tsofaffin mata suka yi imani da waliyyansu. A can sama take, ba a ganinta, amma ranar da ka kira ta za ta amsa.

Matarsa Bernarda wainar masara take gasawa ta sayar a ƙofar gida. Shekaru ta yi tana sunkuye a kan murhu har hayaƙi ya fara cinye mata idanu. Haihuwarsu ɗaya, mace, ita ma ta yi aure can nesa, tana fama da nata gidan. In ka cire Bernarda, babu wanda ya kai Leoncio a wurin Eulalio. Dogo ne siriri, magana ba ta dame shi ba, tun suna samari suke sara a layi biyu na kusa da juna. Da matar Leoncio ta haifi 'yarsu ta fari, Eulalio da Bernarda ne suka riƙe ta a coci ranar baftisma. Daga ranar suna ya ƙare a tsakaninsu, sai dai compa, kamar yadda aka saba ga waɗanda jariri ya haɗa, kuma zumunci ne da wani lokaci yakan fi na jini ƙarfi.

A tsakiyar shekarunsu ne ciwon ƙoda ya shigo gari. Maza suka riƙa faɗuwa ɗaya bayan ɗaya, ƙarfafan ma su ne kan gaba. Kamfanin sukari bai kafa rumfa a gona ba, bai rage aiki ba. Abin da ya yi shi ne ya miƙa ɗaukar ma'aikata a hannun 'yan kwangila, sannan ya kawo gwajin jini. Kafin kowace kakar rake sai an ɗibi jinin kowa, wanda aka ga ƙodarsa ta fara gajiya a ce ya je ya huta. Hutun nan ba albashi, ba kuma ranar dawowa.

Shekarar da ta zo kan Eulalio, yarinyar wurin gwajin da ta gaya masa ya faɗi ba ta ko kai 'yarsa ba. Ya yi mata gardama, ya naɗe hannun riga ya nuna mata damtse. Ta ce ya yi haƙuri, Baba, ba ita ke yanke hukunci ba, ta kira na baya.

Lauya ne fa, ya san doka ta ba shi wa'adin kai ƙara. Amma ya ga abin da ya sami waɗanda suka kai. Babu ɗan kwangilar da ya ƙara kallonsu, har 'ya'yansu da ƙannensu abin ya shafa. Kuma shi garau yake jin jikinsa. Mutumin da ke saɓa buhun masara ba tare da an ɗora masa ba, da wane ido zai je gaban hukuma ya ce shi nakasasshe ne? Ya ce gwajin ne ya yi ƙarya. Sai ya yi abin da kowa ke yi a garinmu, ya ari suna.

Bernarda tana da ƙane, Cipriano Téllez, birkila ne a Costa Rica, bai taɓa riƙe adda ba, jininsa tas. Duk farkon Nuwamba yakan zo gida ranar da ake share kaburbura ana kai furanni, don ya gyara na mahaifiyarsu. Lokacin kuwa ya yi daidai da na gwaji. Sai ya je ya ba da jini, ya karɓi katin aiki, ya miƙa wa mijin yayarsa, ya hau mota ya koma. Ba wanda yake ganin laifin wannan. Akwai mai sara da sunan ɗansa, akwai mai yi da sunan maƙwabci. Rufino, helman ɗan kwangila mai kula da masu sara, ɗan garin ne, tare suka yi wasan ƙasa da Eulalio. Kowace safiya zai tsaya a ƙofar mota ya kira Cipriano Téllez, yana kallon fuskar Eulalio, ko gira ba ya ɗagawa.

Kwanakin farko sai an kira sau biyu, Leoncio ya zungure shi da gwiwar hannu, sannan ya tuna ya amsa. Wani matashi daga bayan mota ya ce, "To, Lauya, me doka ta ce a kan wannan?" Aka bushe da dariya. Eulalio ya juya yana kallon taga. Daga ranar ba a ƙara jin ya ambaci doka a motar ba, kuma waɗanda suka fi tsokanarsa su suka fara kewar abin.

Ba a daɗe ba Leoncio ma ya faɗi gwajin, ya koma Fermín, sunan ɗan yayansa. Suka ci gaba da sara kusa da juna, Cipriano da Fermín, tsofaffi biyu da sunayen yara.

Kaka shida Eulalio ya yi a haka, daga nan jiki ya ce ya gaji. Da farko zazzaɓi ne da yamma, sai jijiyoyin ƙafa su riƙe, sai amai, sai ƙafafun suka kumbura har takalmin aiki ya daina shiga. Wata rana da tsakar rana adda ta kuɓuce masa, ya sunkuya zai ɗauka, bai iya miƙewa ba. Leoncio ne ya goyo shi zuwa bakin hanya. Likita ya ce ƙodojin ne duka biyun, kuma sun yi nisa. Eulalio bai yi tambaya ba. Ya ɗauki akwatin gawar mutane da yawa masu irin ƙafar nan, ya san sauran labarin.

Mutuwar ba ita ke cin ransa ba. Yana kwance a ragar kwanciya da aka rataya masa a baranda yakan ga Bernarda tana laluben ashana da tafin hannu, alhali ga ta nan a gabanta. Shekara nawa ya rage mata a bakin murhu? In shi ya tafi, wa zai riƙe ta? Abu ɗaya ya sani, ma'aikacin da aiki ya kashe, matarsa tana da fansho har ƙarshen ranta. Nan tsohon imanin ya motsa. Ya ce a wanke masa farar rigarsa, zai je ofishin ƙwadago.

Sifeton da ya samu mace ce mai tabarau, sunanta Ondina. Ta saurare shi har ya gama, ba ta katse shi ba, ko da ya shiga jero mata abin da doka ta ce. Sannan ta yi masa bayani a hankali. Da sunansa na gaskiya, ya bar aiki tun tuni, wa'adin ƙara ya wuce. Shekarun da suka kwantar da shi kuwa, da duk abin da aka riƙa yanka a albashinsa na inshora, na Cipriano Téllez ne. A idon hukuma mutumin da ya yi saran nan lafiyarsa lau, yana can yana jera bulo a wata ƙasa.

"Ranki ya daɗe, ga hannun nan," in ji shi, ya shimfiɗa tafukansa a kan teburin. "Wannan ya yi kama da na wanda ya zauna a gida?"

"Na gani, Baba, kuma na yarda da kai. Amma yardata ba hujja ba ce. Ka kawo mini mutum ɗaya da ya yi sara tare da kai, ya zo da katinsa na ɗan ƙasa, ya faɗi sunansa, ya rantse a gaban wakilin ɗan kwangilar cewa kai ne a gonar. Mutum ɗaya ya ishe ni in buɗe shari'ar."

Ya fito da murna. Mutum ɗaya, a garin da babu namijin da bai ga gumin Eulalio ba. Ya kama sanda ya shiga bi gida gida. Ko'ina aka ba shi kujera, aka ba shi kofi, aka jajanta. Da ya kawo maganar sai idanu su koma ƙasa. Tsofaffin abokan aikinsa kusan duka da sunan aro suke sara, wanda duk ya je ya faɗi sunansa na gaskiya ya tona kansa, ya tona wanda ya ara masa. Matasan da ke aiki da sunansu kuwa su ne ke ba iyayensu aro a wata gonar, ko suna tsoron a sa musu ido. Ba wanda ya ce masa a'a, kowa cewa yake bari ya yi shawara. Cipriano da ya ji an ambaci ofishi da rantsuwa, wayarsa ta daina shiga.

Gida ɗaya ne bai je ba. Ranar Lahadi bayan coci sai ga mai gidan, Leoncio, da kansa, da lemo a cikin hularsa. Ya zauna a bakin baranda ya daɗe yana ɓare ɗaya.

"Compa, ka zagaye gari, ka tsallake ƙofata."

"Kana da 'yan mata uku a makaranta, compa."

"Na san adadinsu, ai ni na haife su. Wace rana ce za a je ofishin?"

Eulalio ya so ya hana shi, amma Bernarda na tsaye a bakin ƙofar kicin, ta ji komai. Ta sa gefen zanenta ta rufe fuska, kafaɗunta na rawa. Rabon da ya ga ta yi kukan daɗi har ya manta. Sai ya haɗiye maganar. Ya lallashi kansa da cewa ɗan kwangilar wani akawu zai turo daga ofis, wanda bai san fuskar kowa ba, Leoncio ya faɗi sunansa ya koma gona washegari a matsayin Fermín, ba wanda zai haɗa biyun.

Ranar ta faɗo a tsakiyar kaka, lokacin da aiki ya fi zafi. Su uku suka hau motar birni. Leoncio ya sa rigar da yake zuwa coci da ita, Bernarda ta ƙunso musu abinci. Ita aka bari a benci a waje, ƙarƙashin bishiyar mangwaro, su biyu suka shiga.

Rufino ne zaune a kujerar wakili. Ya yi aski, ya ɗora hularsa a gwiwa. Ya gaishe da Eulalio da kyau, ya tambaye shi jiki. Sannan ya juya.

"A'a, Fermín, ashe nan ka yo. Na kira ka da safe ban ji ka ba, na ce ko ba lafiya. Yaya yaran? Babbar bana take gamawa, ko?"

Bai ɗaga murya ba, da fara'arsa ma ya yi maganar. Leoncio ya ce lafiya lau suke. Sifeto ta dubi wannan ta dubi wancan, ta gyara tabarau, ta ce mai shaida ya matso ya ba ta katinsa, ya faɗi cikakken sunansa.

Leoncio ya miƙe. Ya sa hannu a aljihun riga, maɓallin ya ƙi buɗuwa. Bai ja da baya ba, kokawa yake da maɓallin, kuma Eulalio ya san shi, zai buɗe, zai faɗa. Ya san kuma abin da zai biyo baya. Gobe ba za a kira Fermín a ƙofar mota ba, ba wannan kakar ba, ba mai zuwa ba. Ɗan yayan da ya ba da aron ma an rufe masa ƙofa ke nan. Mutum mai gajiyayyar ƙoda, ba gona, ba wata sana'a, ga baki biyar a gida. Shari'a kuwa buɗe ta kawai za a yi, Allah kaɗai ya san shekarar da za ta ƙare. Ya tuna yarinyar nan da ya riƙe a coci, tana tsala kuka ruwa na gangaro mata a goshi. Ya tuna Bernarda a kan benci. Babu yadda bai juya abin ba a ɗan lokacin nan, bai ga hanyar da za ta fitar da su duka ba.

Ya miƙa hannu ya dafe aljihun Leoncio.

"Ranki ya daɗe, an samu kuskure. Wannan ba shaidata ba ne. Rakiya ya yi mini, ƙafata ba ta ɗaukata."

"Compa," in ji Leoncio.

"Zauna, compa. Ka gaji."

Sifeto ta ajiye biro. Ba yarinya ba ce, ta gane abin da ta gani. Ta ce wa Eulalio ya yi tunani da kyau, in ba shaida ba abin da za ta iya, kuma in ta rufe maganar yau ta rufu. Ta tambaye shi har sau biyu ko ya fahimta. Ya ce ya fahimta, ai ya san doka. Rufino ya sa hularsa, ya yi wa kowa sallama, ya ce wa Fermín sai da safe.

Bernarda ba ta gani sosai, amma tafiyarsu kaɗai ta ishe ta. Ta tambaya ko an ƙi karɓar shaidar ne. Da Eulalio ya so, da ya ce e, a ɗora wa hukuma, ba wanda zai ƙaryata shi. Ya zauna kusa da ita ya ce, "Ni na hana shi, Bernarda. Rufino na ciki."

Can ta ce, "Ka tambaye ni?"

"Ban tambaye ki ba."

"Abin nawa ne, Eulalio. Shi kaɗai za ka bar mini, ka bayar ina zaune a waje."

Leoncio na tsaye nesa kaɗan, ya juya musu baya yana share ido da hularsa. Abincin da ta ƙunso haka aka koma da shi gida ba a kwance ba.

Ta yi jinyarsa har ƙarshe, ba ta rage masa komai ba. Tana juya shi, tana shafa masa ƙafa, tana ba shi ruwa da cokali. Maganar ce dai ba ta ƙara tayarwa ba, shi ma bai ce ta yafe masa ba, don bai ga ta inda zai ce ya yi nadama ba. A garinmu har yanzu ba a daidaita a kan abin ba. Maza na cewa ya yi halin girma, mata na cewa da abin wani ya yi kyauta. Duk wanda ka saurara sai ka ji da gaskiyarsa, abin baƙin cikin ke nan. Ya rasu kafin a gama kakar, ruwan farko bai sauka ba.

Leoncio na cikin waɗanda suka ɗauki akwatin. Bayan an watse daga maƙabarta ya biyo Bernarda gida, ya tsaya a ƙofa ya kasa shiga. Ya ce mata ya yi tunani, zai koma ofishin shi kaɗai ya faɗi komai, ko da ba zai yi amfani ba. In kuwa ba haka ba, gara ya bar aikin, don shi ba ya jin zai iya ƙara hawa motar nan.

Ta ɗago ta dubi wajen da muryarsa ke fitowa.

"Je ka aiki, compa," in ji ta. "Da tsada aka saya maka shi."

Washegari ya wasa addarsa ya tafi.